Ba-Gaggawa Mai Shayi da Idon Kawu

Ku matso kusa, ku gyara zama. Wanda ke tsaye ya jawo kujera, don labarin wani mai shayi zan ba ku, kuma mutumin bai taɓa yarda a sha shayinsa a tsaye ba.

A bakin ƙofar tasharmu, hannun dama in ka fito, akwai wani tebur mai gajerar ƙafa ɗaya da aka tokare da gutsuren taya. Benci biyu ne da rumfar kwano, sai tukunyar ruwa da ba ta sauka daga wuta tun asuba har rana ta take. Mai teburin Ba-Gaggawa ake ce masa. Direbobi ne suka laƙaba masa, domin ko motarka ta cika fasinja na ta ƙorafi, in ka ce ya yi sauri, sai ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin a hankali cikin wani kofin, ya ce, "Ba gaggawa, ranka ya daɗe." Siriri ne, mai ƙaramar murya, yatsunsa duk tabon ƙuna tun zamanin da yake aikin gidan burodi.

Ba shi ya kafa teburin ba, na yayansa ne. Yayan nan mutum ne mai sakin hannu. In ya zuba maka sukari, sai ka rantse cokali zai tsaya da kansa a cikin kofi. Shi ma haka yake sha, kofi na bin kofi har ya tashi. Da ciwon sukari ya kama shi, ƙishirwa ce ta fara, sai wata 'yar ƙusa ta soke shi a babban yatsa, gyambon ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Ba-Gaggawa ne ya yi jinyarsa daga farko har ƙarshe. Da aka share makoki sai ya ajiye aikin burodi ya kama teburin, domin 'ya'yan yayan sun dawo hannunsa, ga kuma nasa.

Farkon zuwansa ya tafka kuskure. Abin da ya gani a gadon asibiti bai bar idonsa ba, don haka duk wanda ya ce a zuba masa cokali huɗu sai ya sha wa'azi kafin ya sha shayi. Yakan kwatanta yadda gyambon yake, har da warinsa, mutum na riƙe da burodi a hannu. To, wa zai zauna? Ɗaya bayan ɗaya direbobi suka tsallaka titi wurin wani mai shayin da ake kira Mai-Rediyo, wanda ba ya tambayar kowa komai sai sakamakon ƙwallo. Benci ya zama na Ba-Gaggawa da ƙudaje.

Cikin wannan zaman kaɗaici ne ya je ƙaramin asibitin unguwa a gwada jininsa, don tsoron kada abin ya zama na gado. A can ya haɗu da wata malamar asibiti da ke zama da mutane bayan gwaji. Ban da aikin jinya, ta karanci halayyar ɗan Adam, kuma ta fi yawan tambaya a kan bayani. Jininsa lafiya lau, amma da ta ga fuskarsa ba walwala sai ta ja shi da hira, har ya zazzage mata cikinsa.

Ta ce, "Mutanen teburinka, maganar wa suke ji?"

Ya ce, "Direbobi ne fa, Malama. Ba sa jin maganar kowa. Ko ta ɗan sanda sai ya gicciya katako a hanya."

Ta yi dariya ta ce, "To, in ba sa ji ai suna gani. Wa suke kallo?"

Ya ce, "Ciyaman ɗin tasha. In ya karkata hula, gobe kowa ya karkata."

Ta ce, "Ka ga ka san mutanenka. In ka tsorata mutum, kai zai guda, ba ciwon ba. Ka kawo abin da kake so su yi kusa da hannunsu, ka ɗan nisanta wanda ba ka so, sannan ka bar bakinka ya huta."

Ba-Gaggawa ya dawo ya kulle bakinsa. Babban cokalin yayansa ya koma gida, ƙarami ya maye gurbinsa. Gwangwanin sukari ya tashi daga tsakiyar tebur ya koma kan kanta a bayansa. Tambayar da aka saba ji, "Uku ko huɗu?" ta zama "Ɗaya ko biyu?" Wanda ya ce a ƙara, a ƙara masa ba tare da an ko ɗaga gira ba. Abin mamaki, da yawa ba sa cewa. Mutum ya zaɓi biyu ya ji ya zaɓi mai yawa, ya shanye ya tafi.

Sannan ya sayo wasu 'yan kofunan gilashi masu zanen ruwan zinare a baki, ya jera su inda kowa zai gani. Ranar da Ciyaman ya zo wucewa sai ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, babba kamarka da kofin roba? Ai abin kunya ne gare mu. Ga kofin manya na tanada. Sai dai shayin cikinsa citta ne da kanumfari, ba a sa masa sukari, yana kashe ƙamshin."

Ciyaman dama likita ya daɗe da hana shi zaƙi, a ɓoye yake haɗiyar ƙwayoyinsa a ofis kada a ce ya tsufa. Ya zauna ya karɓi kofin da yatsa biyu, ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya waiga ya ga ana kallonsa, sai ya ce, "Wannan shi ne shayi. Wancan ai na yara ne." Bayan wani lokaci har maganinsa ya koma haɗiya a nan kan benci, a gaban kowa. Daga nan sai ga mai facin taya ya zaro nasa daga aljihu, mai yankan tikiti ma ya zaro. Ashe rabin bencin masu shan magani ne, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Teburi ya sake cika.

Yanzu bari in kawo ku kan Kawu, ƙanin mahaifiyata, domin saboda shi nake wannan labari. Direban doguwar mota ne, a tasha Na-Gaba ake kiransa, don bai yarda ya ga bayan wata mota a gabansa ba. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, dariyarsa har ofishin Ciyaman ake ji. Tun yana saurayi yake riƙe da sitiyari, da shi ya yi aure, da shi ya raini yaransa, kuma bai iya wata sana'a ba. Shi kaɗai ne ƙaramin cokali bai ci da yaƙi ba. In aka ce masa ɗaya ko biyu, sai ya ce, "Huɗu, kuma kowanne ya yi tozo."

Sai ya fara ganin hazo-hazo. Ya ce gilashin mota ne, ya sa aka wanke, hazon bai tafi ba. Da matarsa ta matsa aka je babban asibiti, likitan ido ya haska ya duba, ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ciwon sukari ne, ya soma taɓa jijiyoyin bayan ido. In ya kiyaye abinci ya riƙe magani, ana sa ran abin ya tsaya inda yake. In bai yi ba, to ya fara shirin sauka daga mota, domin ba za a bar mai irin wannan ido ya ɗauki rayukan mutane ba. Aka sa masa lokacin da zai dawo a sake dubawa.

Gida kuwa sai ya koma barikin soja. Matar Kawu ta kulle sukari a akwatin kayanta. Babbar 'yarsa ta riƙa turo masa hotunan marasa lafiya a waya. Mahaifiyata in ta kira shi, kafin ta tambayi lafiyar yara sai ta ce, "Ka sha magani?" Duk don ƙauna muke yi, ni ma da nawa bakin a ciki. Kawu ya yi kunnen uwar shegu da mu. Maganin ya jefa shi cikin akwatin gaban mota, abin da aka hana shi a gida kuma ya riƙa ramawa a tasha.

Da abin ya ishi matar Kawu, sai ta yafa mayafi ta je wurin Ba-Gaggawa bayan motocin safe sun tashi.

Ta ce, "Malam, don girman Allah ka daina ba baban yara sukari. Idonsa zai tafi."

Ya ce, "Hajiya, in na hana shi, titi kawai zai tsallaka. Can kuwa har da ƙari za a yi masa. Ki bar ni da shi. Amma ina roƙon alfarma ɗaya, a gida a daina ambaton sukari."

"In yi shiru ina kallo?"

"Ki yi masa hirar komai, ban da wannan."

Ba-Gaggawa ya san Kawu ba ya ƙaunar a ce ba zai iya abu ba, sai ya ɗana masa tarko ta nan. Washegari da Kawu ya zauna, aka miƙa wa Ciyaman kofin gilashi, aka miƙa wa mai faci, shi kuma aka dire masa na roba.

Kawu ya ce, "Kai Ba-Gaggawa, ni ba mutum ba ne? Har mai faci ya fi ni?"

"Wane ni! Amma wannan ba naka ba ne, Na-Gaba. Ba za ka iya ba. Sai wanda harshensa ya nuna."

Mai faci ya ce, "Bar shi da na roba, kada ya yi mana kuka."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya hura hanci, ya miƙa hannu zai fizgi kofin gilashin, da alama tarko ya kama. Sai mai yankan tikiti, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa, ya ce, "Sha abinka, Na-Gaba. Ai jiya Hajiya da kanta ta zo ta yi rajistarka."

Hannun Kawu ya tsaya a iska. Ya dubi Ba-Gaggawa, ya dubi mutanen benci ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Ya ce, "Ashe haɗa baki aka yi. A gida ni yaro, a nan ma yaro." Ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya tsallaka titi wurin Mai-Rediyo. Daga bencin Ba-Gaggawa ana hango shi yana nuna yatsu biyar a zuba masa.

Haka aka yi ta tafiya, lokacin komawa asibiti na matsowa. Kawu ya daina gaisawa da Ba-Gaggawa, a gida kuma ya daina cin abinci tare da kowa. Matarsa ta rame. Shi ma Ba-Gaggawa jikinsa ya yi sanyi, domin dabarar da ta yi masa aiki a kan tasha guda ita ce ta kori mutumin da ya fi buƙatarta. Ya koma wurin malamar asibiti ya ba ta labari. Ta saurara har ya gama, ba ta ga laifinsa ba, tambaya ɗaya ta yi masa.

"Duk cikinku, akwai wanda ya tambaye shi abin da shi yake so?"

Babu.

Washegari da hantsi Ba-Gaggawa ya yi abin da ba a taɓa ganin mai shayi ya yi ba. Ya rage wuta, ya rufe tukunyarsa, ya tsallaka titi ya zauna a bencin Mai-Rediyo kusa da Kawu, ya ce a haɗa masa shayi. Mai-Rediyo har ya rage muryar rediyonsa don mamaki.

Kawu ya ce, "An aiko ka ka ƙirga mini cokali?"

"Ba wanda ya aiko ni. Haƙuri na zo ba ka. Na yi maka dabara a gaban mutane, kai kuwa ba sa'an wasana ba ne. Gaskiya ne Hajiya ta zo, kuma tsoro ne ya kawo ta, ba raini ba. Na gama nawa."

Kawu ya yi tsaki ya kau da kai. Ba-Gaggawa ya ci gaba da kurɓar shayin Mai-Rediyo, wanda daga baya ya ce bai taɓa shan ruwan wanke-wanke irinsa ba. Zaman nasa ya yi tsawo har ya ishi Kawu.

"To, me kuma kake jira?"

"So nake in ji daga bakinka. Kowa ya faɗi abin da yake so ka yi. Kai me kake so?"

Kawu ya daɗe yana juya kofi a tafin hannunsa. Da ya buɗe baki, muryar ba irin wadda tasha ta sani ba ce.

"Shekaranjiya na wuce wani allo a hanya. Allon da na sani tun ina yaron mota. Ban iya karanta shi ba sai da na zo dab da shi. Mota cike da mata da yara." Ya ajiye kofin. "Ka san abin da nake so? In mutu ina direba. Kada in zauna a ƙofar gida ana ja mini hannu. Amma tun da likita ya yi magana, ba wanda ya sake kirana Na-Gaba a gidana. Kada ka ci, kada ka sha, ka haɗiye wannan. Kofin nan kaɗai ya rage inda nake cewa a yi, a yi."

Ba-Gaggawa ya gyaɗa kai. Bai ce masa ai ga abin da muke faɗa ba. Cewa ya yi, "Na ji. To, ga abin da zan iya. In ka dawo teburina, gwangwani da cokali a gabanka zan ajiye. Kai za ka zuba da hannunka. Ko goma ka zuba, wallahi ba zan ɗaga kai ba, kuma duk wanda ya yi magana ya bar mini benci. Motarka ce, kai ke tuƙi."

Ya tashi ya koma bakin tukunyarsa.

Kawu bai zo washegari ba. Sai da aka kwana biyu, da safe ana tsakar hira, sai ga shi ya zauna a wurinsa na da kamar bai taɓa tashi ba. Ba-Gaggawa ya sauko da gwangwani daga kanta, ya dire a gabansa da cokali a kai, ya juya baya yana yanka burodi. Mai yankan tikiti ya buɗe baki, Ciyaman ya taka masa ƙafa. Kowa ya kama kallon wani wuri, wannan na duba waya, wancan na gyaran hula, amma duk kunnuwa na kan ƙarar cokali.

Kawu ya zuba ɗaya. Ya zuba na biyu. Ya ɗebo na uku, ya riƙe shi a sama kamar mai jiran wani ya ce kada, don ya samu abokin faɗa. Ba wanda ya tanka. Sai ya mayar da shi cikin gwangwani, ya ce, "Sukarin nan naka ma ya cika zaƙi, Ba-Gaggawa. Ina kake sayo shi?"

"Inda na saba, ranka ya daɗe."

Ana cikin haka Ciyaman ya zaro maganinsa ya haɗiye, mai faci ya bi baya. Kawu ya bi su da kallo, ya ce, "Kai, ashe duk tsofaffin gwangwanaye ne a nan." Ya tashi ya je motarsa, ya dawo da nasa, ya ɓare a gaban kowa ya kora da shayi. Tun daga ranar magani ya zama abokin kofin safe, ba a shan ɗaya sai da ɗaya, don haka ba ya mantawa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya miƙe. Akwai safiyar da ya yi faɗa da makanike ya zuba huɗu don haushi, Ba-Gaggawa kuwa ya cika alkawari, bai ɗaga kai ba. Amma a hankali biyu ta koma ɗaya, ɗaya ta koma rabi. Kofin gilashi dai ya ce ba zai taɓa shi ba har abada, kuma bai taɓa ba. Da ya ga a gida an daina tsaronsa, shi da kansa ya ce wa matarsa ta rage masa tuwo ta ƙara ganye. Ya kuma tsiro da zagaya tasha da ƙafa kafin mota ta cika, wai duba tayoyin abokan aiki yake yi.

Ni na raka shi komawa asibiti. A kan bencin jira sai murza makullin mota yake yi. Likita ya ɗiga masa magani, ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce abin da ya riga ya ɓaci a idon hagu ba zai dawo ba, amma ɓarnar ba ta ƙaru ba, jininsa kuma ya sauka sosai. Ya rubuta masa tabarau, ya ce zai iya ci gaba da tuƙin rana, na dare kuwa ya haƙura da shi, kuma ya riƙa zuwa ana dubawa. Kawu ya ce, "Na rana ma ya isa, likita." Da muka fito ya tsaya a bakin ƙofa ya share fuska da hularsa, ya ce zafi ake yi.

Har yau yana kan hanya, da tabarau a hanci, yana wuce motocin mutane. Matarsa ta dafa abinci mai kyau ta aika gidan Ba-Gaggawa, mahaifiyata kuma ba ta idar da salla ba ta sa shi a addu'a ba. In aka yi masa godiya sai ya ce shi ruwa kawai ya tafasa, a je a gode wa malamar asibiti. Ita kuma da aka je, cewa ta yi tambaya ce kawai ta yi. Matar Kawu ta ce ba don ta taka ta je tasha ba, da ba a fara ba. Kawu kuwa in ana wannan musu sai ya buga ƙirji ya ce, "Ku daina wahalar da kanku. Ni na ga dama na rage." Ba-Gaggawa in ya ji haka sai ya yi murmushi ya ce gaskiyar Na-Gaba ce, a bar masa.

To, kai da ka zauna ka ji daga farko, in kai ne ɗan gidan, ƙofar wa za ka fara ƙwanƙwasawa da godiya?